Daga Zauren Rawa Zuwa Garken Shanu: Yadda Darcy Ya Isa Texas



A ƙarshen shekarar 2010 wani marubuci Ba'amurke, Jack Caldwell, ya fitar da littafi mai suna Pemberley Ranch. Ya ɗauki Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda aka fara bugawa a Landan a 1813, ya kwashe mutanen cikinsa ya sauke su a jihar Texas ta Amurka, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa. Elizabeth Bennet ta koma Beth, Mista Darcy ya koma Will Darcy mai gandun shanu. Duk wanda ya taɓa sha'awar ɗauko labarin wani wuri ya dasa shi a wani wurin, ya kamata ya san tarihin wannan haɗi, domin ya girmi littafin Caldwell da shekara ɗari da 'yan kai, kuma duk wanda ya gwada shi a kan dutse ɗaya ya yi tuntuɓe: abin da ke hana masoyan aure ba ya yarda ya bi su zuwa sabuwar ƙasa.

Bari mu fara da abin da ke tuƙa labarin Austen, don da yawanmu ta fim muka san shi, shi kuwa fim yakan bar mutum da kallon-kallo da dogayen riguna. Mista Bennet yana da 'ya'ya biyar, duk mata. Gidansa da gonakinsa na Longbourn suna kawo masa fam 2,000 a shekara, amma tun kakanni aka ɗaure dukiyar da sharaɗin cewa namiji kaɗai ke gadonta. Ranar da ya rufe ido, gida da gona sun zama na wani danginsa na nesa, Mista Collins, wanda yake da ikon ce wa uwar da 'ya'yan su tattara nasu-ya-nasu. Abin da kowace ɗiya za ta tsira da shi, shi ma sai bayan ran uwar, fam 1,000 ne, wanda kuɗin ruwansa fam 40 ne a shekara. Darcy kuwa fam 10,000 ke shigo masa duk shekara. 'Yar gidan mutunci a Ingila ta wancan zamani ba ta kasuwanci, ba ta aikin ofis. In aure bai samu ba, sai zaman cin arziki a gidan dangi, ko renon 'ya'yan masu kuɗi da koyar da su. Saboda haka ranar da Elizabeth ta ƙi Collins, rufin gidansu ta sa wa ƙafa. Ƙawarta Charlotte, mai shekara 27, ta yi lissafi da idon basira ta amshe shi. Austen ta ɗanɗani wannan fargaba da kanta: bayan rasuwar mahaifinta a 1805, ita da mahaifiyarta da yayarta sun yi ta sauya masauki tsakanin gidajen haya da na dangi, har 1809 da wansu Edward ya ba su wani ɗan gida a ƙauyen Chawton.

To, yanzu mu ƙetara teku. Kaboyi na gaskiya ɗan ƙwadago ne, makiyayin haya, wanda ya koyi sana'arsa har da igiyarsa da sirdinsa daga makiyayan Meziko. Da aka gama yaƙin basasa a 1865, Texas ta cika maƙil da shanu, sa ɗaya bai fi dala 4 ba, alhali a kasuwannin arewacin ƙasar yana iya kai dala 40. A 1867 wani ɗan kasuwa, Joseph McCoy, ya gina kara a garin Abilene na jihar Kansas, daidai bakin layin dogo, sai aka shiga koro garkuna a ƙasa zuwa can. Mutum goma zuwa goma sha biyu ke kora shanu dubu biyu ko uku, tafiyar wata biyu zuwa uku, a kan albashin dala 25 zuwa 40 a wata. Masana tarihi da dama sun kiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan makiyaya baƙar fata ne, wasu da yawa kuma 'yan asalin Meziko. Zamanin bai wuce shekara ashirin ba. Waya mai ƙaya, wadda aka yi wa rajista a 1874, ta killace burtali, jirgin ƙasa ya iso har Texas, sannan sanyin 1886 zuwa 1887 ya kashe shanu bila adadin. Tun daga nan mun ga Darcy ba zai yiwu ya zama kaboyi ba, ko da bangon littafi ya sa masa malafa. Shi ne ubangidan da ke biyan kaboyi.

Matsalar da ta fi wannan girma tana ɓangaren matan. A yankin Wyoming, a 1869, maza baligai sun ninka mata kusan sau shida, kuma a shekarar ce yankin ya ba mata damar jefa ƙuri'a, shekara hamsin kafin sauran Amurka baki ɗaya. Dokar rabon filaye ta 1862 ta ba duk wanda ya kai shekara 21 damar karɓar eka 160 ta gwamnati, ya zauna a kai shekara biyar ta zama tasa, budurwa da bazawara duk suna ciki. Ita Texas filayenta a hannunta suke, wannan doka ba ta shafe ta ba, amma ta gaji wata ƙa'ida daga dokar Sifaniya wadda ta bar wa matar aure mallakar dukiyar da ta zo da ita, ko da yake miji ke juya ta. Ga kuma makarantun ƙauye suna neman malamai mata ido rufe. A irin wannan ƙasa, uwa mai 'yan mata biyar ba ta rasa barci don neman masu miji, sai dai don korar manema. Da an sauke iyalin Bennet a nan, injin labarin ya mutu tun kafin a tashi mota.

Mutumin da ya fara warware wannan ƙulli bai ce yana sake rubuta Austen ba, amma tana cikin littafinsa da sunanta. Owen Wister ɗan birnin Philadelphia ne, ɗan boko daga jami'ar Harvard, wanda rashin lafiya ya kai Wyoming a 1885. Littafinsa The Virginian, na 1902, shi ake ɗauka a matsayin tushen littattafan kaboyi na zamani, kuma in muka cire ƙarar bindiga, littafin soyayya ne tsantsa. Dabarar Wister ita ce ya juya tsanin. Mai asali a nan mace ce, Molly Wood, 'yar tsohon gida daga jihar Vermont wadda arzikin gidansu ya karye, ta ƙi wani mai kuɗi da danginta ke so mata, ta tafi Wyoming koyarwa. Namijin kuwa makiyayin haya ne, ko sunansa ba a faɗa mana ba har littafin ya ƙare. Girman kan Darcy a jikin Molly yake. Ita ce ke duban mutumin tana tunanin abin da za a ce a gida.

Akwai wurin da ke ba mu dariya duk lokacin da muka tuna. Molly ta ɗauki aniyar wayar da makiyayin nan, tana ba shi aron littattafai. Shakespeare ya shige shi, amma da ta ba shi Emma da Pride and Prejudice sai ya dawo mata da su bai karanta ba. Daga baya, yana kwance da raunin harbi tana jinyarsa, ta buɗe Emma tana karanta masa, barci ya kwashe shi. Wister yana zolayar Austen ne, alhali a gininta yake zaune.

Bambancin asali kaɗai ba zai riƙe labari a ƙasar da ake taƙama da cewa kowa ɗan kansa ne ba, shi ya sa Wister ya gina sabuwar katanga da kayan wurin, wato jini. Jarumin ya jagoranci rataye ɓarayin shanu ba tare da alƙali ba, cikinsu har da tsohon amininsa Steve. Molly ta ji labari, hankalinta ya tashi. Ana gobe ɗaurin aurensu kuma, abokin gabarsa Trampas ya ba shi wa'adin barin gari kafin faɗuwar rana. Molly ta ce in ya fita ya yi harbin nan, aure ya fasu. Ya fita, ya kashe Trampas, ya dawo, ita ce ta sauko. Mu lura da wannan sosai. A wajen Austen kowa ya sauke nasa: Darcy ya gyara halinsa, Elizabeth ta gane ta yi gaggawar yanke masa hukunci. A wajen Wister mace kaɗai ta sauya, kuma abin da aka koya mata shi ne ta yarda da kisa ba shari'a.

Wannan darasi ba daga sama ya faɗo ba. A watan Afrilun 1892 manyan masu shanu na Wyoming suka ɗauko 'yan bindigar haya daga Texas, suka afka wa gundumar Johnson da niyyar kawar da ƙananan masu kiwo da suke zargi da sata. Sun kashe mutum biyu, Nate Champion da Nick Ray, mutanen yankin suka yi masu ƙawanya, sai da shugaban ƙasa Benjamin Harrison ya turo sojoji suka fitar da su. Babu wanda aka hukunta. Jagoran harin, Frank Wolcott, shi ne mai masaukin Wister a zuwansa na farko. Idan alƙalin cikin littafin ya zaunar da Molly yana ba ta hujjar rataye ɓarawo, muryar waɗancan masu garke muke ji.

Masu shirya fina-finan kaboyi sun yi ta aron tsofaffin labarai bayan haka, amma ba ƙofar Austen suka fi bugawa ba. Jubal na 1956 ya bi sawun Othello, McLintock! na 1963 ya ɗauko The Taming of the Shrew, King of Texas na 2002 kuma King Lear ne a kan doki. Daga Japan aka aro The Magnificent Seven a 1960, sannan A Fistful of Dollars a 1964, wanda aronsa ya yi kama da sata har sai da aka biya su Kurosawa kaso. Yawancin waɗannan sun zo da takobinsu, musanya shi da bindiga kawai aka yi. A Pride and Prejudice kuwa, duk da garin cike yake da sojoji, ko harsashi ɗaya ba a harba a gabanmu ba. Sau ɗaya aka yi fargabar fito-na-fito, lokacin da Wickham ya gudu da Lydia, shi ma abin da ya firgita uwar shi ne in an kashe mijinta su Collins za su kore su daga gida. Wickham da kuɗi aka yi maganinsa, aka biya masa bashi aka saya masa muƙamin soja.

Mu dawo kan Caldwell. Katangar da ya zaɓa ita ce yaƙin basasa, wanda ya ci rayuka sama da 600,000. Iyalin Bennet nasa daga jihar Ohio suke, ɓangaren arewa da ya ci yaƙin, kuma Beth ta rasa ɗan'uwanta a cikinsa. Will Darcy tsohon hafsan sojan kudu ne, ɓangaren da ya yi tawaye. Mugun labarin, George Whitehead, yana cikin mutanen da suka gangaro kudu bayan yaƙi suna neman abin duniya. A fuskar sana'a wannan zaɓi ya yi kyau ƙwarai. Ƙiyayyar Beth tana da kabari a bayanta, ta fi ta Elizabeth nauyi, wadda asalinta wata baƙar magana ce da ta jiyo a wurin rawa. Rikicin fili da bashi sun maye gurbin rikicin gado, kuma sun dace da Texas ta wancan lokaci.

Sai dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ginin Austen yana buƙatar jarumar ta wayi gari ta gane ita ce ta yi wa mutumin mummunar fahimta. In ka sa abin da ta tsana ya zama rundunar da ta yi yaƙi don a ci gaba da bautar da mutane, ginin da kansa zai tura ka ka sassauta laifin wannan runduna, ko ka wanke jaruminka daga cikinta tas har ya daina kama da mutanen zamaninsa. A 1860 bayi a Texas sun haura 180,000, kusan mutum uku cikin kowane goma, kuma sai ranar 19 ga Yuni 1865 aka yi shelar 'yancinsu a garin Galveston. Filayen kiwon da ke yammacin jihar ma, ƙabilar Comanche ke riƙe da su har zuwa 1875. A ganinmu a nan ne haɗin ya fi yin rauni, domin kuskuren da Elizabeth ta yi a kan halin mutum guda ne, na Beth kuwa an ɗora shi a kan wani abu da tarihi ya riga ya ba ta gaskiya.

Mu ma kaboyi ba baƙonmu ba ne, sunan ma daga silima ya shigo Hausa. A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi wani gajeren fim, Le Retour d'un aventurier, a kan saurayin da ya dawo daga Amurka da akwati cike da malafuna da bindigogi, ya raba wa abokansa, suka sauya sunaye suka addabi ƙauyensu. Shi Alassane kayan aron ne ya mayar jigon fim ɗin, yana nuna abin da ke faruwa idan aka ɗauko riga aka baro ƙasar da aka ɗinka ta dominta.

Wani cikinmu zai iya cewa ai iyalin Bennet sun fi dacewa da Kano ko Zinder a kan Texas, tunda muna da uwa mai ƙosawa, da zancen asali, da tsegumin unguwa. Gaskiya ne, amma ya ɗauki alƙalami ya yi lissafin gado tukuna. Magidancin da ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyar, ba ɗa namiji, iyayensa kuma ba su raye, 'ya'yan suna da kashi biyu cikin uku, matar tana da tumuni. In an kasa dukiyar gida ashirin da huɗu, goma sha tara sun tsaya a ɗakin. Collins ɗinmu, in ma shi ne mafi kusa a dangin uba, biyar zai ɗauka, kuma biyar ba ta isa ta sa uwa ta yi wa 'yarta barazanar daina yi mata magana in ta ƙi shi ba.