Harshe da Launin Fata a Makarantun Afirka ta Kudu: Waiwaye Kan Soweto

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Mu da muka shafe shekarun aikinmu da alli a hannu, ba za mu manta da shekarar 1976 ba, domin a watan Satumbarta aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya. Watanni uku kafin haka, 'yan sanda sun buɗe wa ɗaliban makaranta wuta a Soweto, wata unguwar baƙar fata da ke gefen birnin Johannesburg. Muna so mu bi sawun abin da ya kai ga wannan rana, domin akwai darasi a ciki ga duk mai ɗa a makaranta.

A 1948 jam'iyyar Turawa 'yan Afirkana, jikokin mutanen Holan, ta karɓi mulki ta kuma mayar da wariyar launin fata dokar ƙasa. A lokacin, akasarin makarantun baƙar fata suna hannun 'yan mishan, gwamnati tana tallafa masu. A 1953 aka kafa Dokar Ilimin Bantu, wadda ta ƙwace makarantun ta danƙa su ga ma'aikatar da ke kula da harkokin baƙar fata, ƙarƙashin minista Hendrik Verwoerd. Wannan minista bai ɓoye manufarsa ba. Ya bayyana cewa baƙin mutum ba shi da gurbi a cikin al'ummar Turawa face a matsayin ma'aikacin ƙarfi, don haka babu amfanin koya masa abin da ba za a bar shi ya yi aiki da shi ba.

Makamin farko da aka yi amfani da shi shi ne kuɗi. Daga 1955 aka ƙayyade abin da baitulmali zai riƙa bai wa ilimin baƙar fata, aka bar shi tsaye har zuwa 1972, alhali yawan yara yana ta ƙaruwa. Sauran kuɗin daga harajin da baƙar fatar ke biya ake cire shi. Ilimin ɗan Bature kyauta ne kuma tilas, amma uban baƙin yaro shi ke sayen littafi ya biya kuɗin makaranta. A shekarar karatu ta 1975 zuwa 1976 gwamnati ta kashe rand 644 a kan kowane ɗalibi Bature, ta kashe rand 42 a kan baƙin ɗalibi, wato ninki goma sha biyar. Duk wanda ya taɓa riƙe makaranta ya san ma'anar wannan: aji cike maƙil, malami ɗaya yana karantar da rukunin safe da na rana, kuma sau da yawa shi kansa bai sami cikakken horo ba.

Makami na biyu shi ne harshe. Gwamnati ta ce a koyar da baƙin yaro da harshen uwa, kamar Zulu ko Xhosa ko Sotho, tsawon shekarun firamare. A kwalejin horar da malamai an koya mana cewa yaro ya fi saurin fahimta da harshen da ya tashi da shi, kuma mun tabbatar da haka a cikin aji. Sai dai iyayen Afirka ta Kudu sun gane cewa manufar ita ce a raba su ƙabila-ƙabila, a kuma nisanta 'ya'yansu daga Ingilishi, harshen da ke buɗe ƙofar jami'a da babban aiki. Ta haka mugun nufi ya ɓata sunan shawara mai kyau.

A 1974 sai aka ƙara gishiri a kan miki. Aka ba da umarni cewa daga shekara ta bakwai a makaranta za a koyar da lissafi da darussan zamantakewa cikin harshen Afirkans, kimiyya kuwa cikin Ingilishi. Malamai da yawa ba su ƙware a Afirkans ba, yara kuma suna ɗaukarsa harshen ɗan sanda da mai neman takardar izinin wucewa. Hukumomin makarantu da iyaye suka kai koke, ba a saurare su ba.

Ranar 16 ga Yuni 1976, dubban ɗalibai sanye da kayan makaranta suka fito zanga-zangar lumana, suka nufi filin wasa na Orlando. 'Yan sanda suka tare su da karnuka da barkonon tsohuwa, daga nan sai harsashi. Cikin waɗanda suka fara faɗuwa akwai Hector Pieterson, ɗan shekara 12, wanda hoton da Sam Nzima ya ɗauka ana rungume da shi ya zagaye duniya. Tarzoma ta bazu a faɗin ƙasa, kuma kwamitin binciken da gwamnatin ta kafa da kanta ya ƙirga mutum 575 da suka mutu zuwa Fabrairun 1977. A watan Yulin 1976 aka janye umarnin. Mu ma nan gida abin ya taɓa mu, domin a wannan shekara Nijeriya ta kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka, ma'aikata da ɗalibai suka ba da gudummawa. Tun 1991 kuma 16 ga Yuni ta zama Ranar Yaran Afirka.

Mulkin wariya ya faɗi a 1994. Tsarin mulkin 1996 ya amince da harsuna 11 a hukumance, aka ƙara harshen kurame a 2023. Amma gyaran doka ya fi gyaran aji sauƙi. Wani gwajin karatu na ƙasa da ƙasa da aka yi a 2021 ya nuna cewa kashi 81 cikin ɗari na 'yan aji huɗu a ƙasar ba sa iya karanta rubutu su fahimce shi da kowane harshe, kuma makarantun unguwannin talakawa da na karkara su ne a sahun baya. Malamin da aka tauye jiya shi ya koyar da malamin yau.

Ya 'yan uwanmu mazauna birane, mu babu dokar launin fata a tsakaninmu, kuma ba mu kwatanta halinmu da nasu. Amma mu tambayi kanmu: nawa ake kashewa a kan ɗanmu da ke makarantar kuɗi a Abuja ko Kaduna, nawa kuma ake kashewa a kan ɗan ƙanenmu da ke firamaren da ta yaye mu? Yaron gida yana buƙatar malamin da zai koya masa karatu da Hausa tun daga aji ɗaya, ya kuma ɗora masa Ingilishi mai ƙwari kafin jarrabawa ta riske shi. Duk wanda ya zo gida hutun bana, ya leƙa tsohuwar makarantarsa, ya zauna da hedimasta, ya ƙirga malamai da littattafai, ya kuma ba yaro ɗaya littafi ya ji ko zai iya karantawa.