Dayosis ɗin Sakkwato da Rabon Aiki a Ƙasar Kabi

Duk ɗan Katolikan da ke zuwa Misa a Birnin Kebbi ko Argungu, bishop ɗinsa yana Sakkwato. Tsarin ya samo asali tun 1953, lokacin da fadar Paparoma ta yanki lardunan Sakkwato da Katsina daga yankin Kaduna ta damƙa wa limaman Dominikan 'yan Amurka. Edward Lawton ne ya ja ragamarsu, kuma a Gusau suka fara zama da gindinsu, domin nan ne jirgin ƙasa ya tara baƙi 'yan kudu. A 1964 yankin ya zama cikakken dayosis.

Ba a jima ba abin ya girgiza. Rikicin 1966 ya kori Inyamurai da yawa zuwa gida, majami'u suka koma kusan wayam, Lawton kuma ya rasu a ƙarshen shekarar. Michael Dempsey, wanda ya gaje shi a 1967, ya tarar da darasi a fili: cocin da ya dogara ga baƙi kaɗai yana iya watsewa cikin dare ɗaya. Sai aka ƙara karkata ga 'yan ƙasa, ga wa'azi da harshen Hausa, ga horar da katikis. A ganina wannan shawarar ce ta ceci dayosis ɗin. A ƙauyen da Fada ba ya samun zuwa sai jefi-jefi, katikis ne ke buɗe ɗakin addu'a ran Lahadi, ya koya wa yara, ya gai da mara lafiya, ya tsaya a bakin kabari.

Kevin Aje ya karɓi jagoranci a 1984, ɗan Najeriya na farko a kujerar. A zamaninsa aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, ma'aikata suka kwaso iyalansu daga Sakkwato suka dawo Birnin Kebbi, cikinsu har da Kiristocin Zuru da Yawuri. Kujerun coci suka cika, aiki ya ƙaru a kan limamai 'yan kaɗan.

Faɗin ƙasa shi ne tsohon ciwon. Ka dubi bishop ɗaya da zai tashi daga fadamun shinkafa na Argungu ya nufi Malumfashi: yini guda ne a mota. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka aka shiga rabo. A 1995 aka kafa yankin Kontagora, wanda ya ɗauki kudancin Kebbi, ya kuma zama dayosis a 2020 ƙarƙashin Bulus Dauwa Yohanna. A 2023 Paparoma Francis ya cire Katsina ya ba Gerald Mamman Musa. Matthew Hassan Kukah, da ke Sakkwato tun 2011, ya rage da sauran yankin, ciki har da Sakkwato da arewacin Kebbi.

Yau Jihar Kebbi tana hannun bishop biyu, ba kuma wanda ke zaune a cikinta. Rabon ya rage nisa, babu shakka. Abin da ya saura shi ne a ba katikis albashin da zai riƙe iyali, a kuma horar da limaman da ke jin Hausar Kabi da Dakarkarci, tun kafin a fara zancen sabon dayosis.