Dodon Bango da Kwaɗin Tahoua: Tarihin Kallon Dare a Arewacin Zamfara

A shekarar 1929 layin dogon da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙauran Namoda, kuma a nan ya tsaya. Garin da ya samo sunansa daga Namoda, jarumin zamanin jihadi, ya zama ƙarshen tafiyar jirgin ƙasa a wannan sashe na Nijeriya. Gyaɗa da auduga da fatu na ƙasashen Zurmi da Shinkafi suka riƙa gangarowa tasha bisa jakuna da raƙuma, jirgi kuma yana sauke atamfa da kananzir da baƙin fuska. Cikin baƙin abubuwan da wannan zamani ya kawo wa Lardin Sakkwato har da hoto mai motsi, wanda Hausawa suka laƙaba wa sunaye biyu: majigi da dodon bango.

Sunan farko aro ne daga sunan Ingilishi na wata fitila mai haska hoto a jikin bango. Na biyu kuwa Hausa ce tsantsa, kuma ya nuna inda mutane suka ajiye wannan baƙon abu a zukatansu. Ba su rasa gurbin da za su sa shi ba, domin dodo tsohon sani ne a tatsuniya.

Majigi sinima ce ta gwamnati mai yawo a mota. Motar takan iso gari da rana ɗauke da injin wuta da na'urar haska hoto da farin ƙyalle, a sanar da hakimi ko dagaci, sanƙira ya zaga gari da shela. Bayan sallar isha sai jama'a su taru a fili, galibi a ƙofar fada, yara a gaba bisa ƙasa, manya a baya. Ba a biyan ko anini. Mai sharhi yana gefe da lasifika, yana fassara abin da ke bango zuwa Hausa: yadda ake rigakafin cuta, yadda ake shuka auduga layi-layi, bikin naɗin sarauta a Ingila. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta faɗaɗa wannan aiki da nata finafinan, irin su Baban Larai, wanda aka shirya don koyar da manoma.

Waɗanda suka kafa wannan tsari suna da wani zato game da masu kallonsu. William Sellers, jami'in kiwon lafiya a Legas wanda ya jagoranci sashen finafinan mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939, ya shimfiɗa ƙa'idoji: fim ya tafi sannu a hankali, kada a yi tsalle daga wani lokaci zuwa wani, kada a yi dabarun kyamara, kada a nuna abin da ido bai saba gani ba. A ganinsa mutumin ƙauye a Afirka zai ruɗe. Akwai labarin da ma'aikatan suka yi ta yayatawa a tsakaninsu, wai an nuna sauro an ƙara masa girma ya cika bango, sai masu kallo suka ce ai nasu sauron bai kai haka ba, don haka ba ruwansu da wannan gargaɗi. A farkon shekarun 1950 wani masanin halayyar al'umma, Peter Morton-Williams, ya bi ƙauyukan Nijeriya yana nazarin yadda mutane ke karɓar waɗannan finafinai, ya tarar suna fahimtarsu fiye da yadda aka zata.

Da ma zaton bai da tushe. Yaron da ake tsoron zai ruɗe da dabarar kyamara ya tashi ne a gaban kakarsa yana sauraren Gizo da Ƙoƙi, da kura mai zuwa kasuwa, da kurciya mai waƙar tonon asiri, da ɗan yaron da ya tsaga cikin dodo mutanen gari suka fito da ransu. A ranar kasuwa, kamar Alhamis ɗin Shinkafi, yana iya cin karo da 'yan dabo ko masu wasa da kura. Duniyar da dabba ke magana, mutum ya rikiɗa, lokaci ya naɗe kamar tabarma, ita ce makarantarsa ta farko. Kuma tatsuniya abar dare ce, har akan tsoratar da yara cewa mai yin ta da rana zai ɓata a kasuwa. Majigi ta zo ta tarar da dare a shirye, da masu sauraro a shirye, amma ta cika bangon da darasin tsafta.

A manyan birane akwai wata sinimar ta daban, ta 'yan kasuwa, wadda ake shiga da kuɗi. A Kano an buɗe Rex a 1937, wasu suka biyo baya, yawancinsu mallakar Kwarori, suna nuna finafinan kaboyi na Amurka, daga baya na Indiya suka mamaye. Wannan sinima ba ta taɓa samun yardar malamai da dattawa ba, ana ganinta matattarar 'yan iska. Gobarar gidan sinima na El Duniya a Kano, ranar 13 ga Mayu 1951, wadda ta ci rayuka 331, ta ƙara mata baƙin jini, har mutane da dama suka ɗauke ta ishara. Don haka kallon dare a ƙasar Hausa ya rabu gida biyu: na fada mai mutunci amma mai wa'azin gwamnati, da na birni mai daɗi amma mai zubar da girma. Babu ɗayansu da ya nemi zana Gizo a bango.

Wanda ya kusanci wannan aiki ya fito ne daga ƙetaren iyakar da ƙasar Zurmi ke jingine da ita. An haifi Moustapha Alassane a Nijar a 1942. Tun yana saurayi yake zana hotuna yana haska su da fitila don mutanen garinsu su kalla, kafin ya mallaki kyamara. Ya yi aikin kanikanci, sannan ya haɗu da Bafaranshen nan mai shirya finafinai, Jean Rouch, a Yamai. Daga can ya tafi Kanada, inda ya ƙaro sani a wurin Norman McLaren, gwanin zane mai motsi. Fim ɗinsa na farko, a 1962, sunansa Aouré, wato aure.

A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, zane mai motsi na 'yan mintoci. Jamhuriya ce ta kwaɗi, shugabanta kwaɗo, ya tashi ziyarar aiki zuwa maƙwabciyar ƙasa: ga faretin soja, ga jirgin sama, ga jerin masu tarba, kowa kwaɗo. Shekara shida ke nan da samun 'yancin Nijar da Nijeriya, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a rana yana jiran wucewar wani babba ya san da wa ake. Hikimar tsohuwa ce: abin da ba a iya faɗa wa sarki a fuska, a sa shi a bakin dabba. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana masu motsi. Ya kuma yi Kokoa, wato kokawa, inda kwaɗi da hawainiya da tsuntsaye ke kece raini a fage, a ƙasar da tun 1975 take gudanar da gasar kokawa ta ƙasa don cin takobi. Ya zauna a Tahoua, cikin Hausawan Adar, yana aikinsa da kayan da hannunsa ya kai gare su, ya rasu ranar 17 ga Maris 2015.

A 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya ware kwanaki don nuna finafinansa. Mutanen da ba su taɓa jin ƙugin kalangu a fagen kokawa ba suka sayi tikiti, suka zauna a duhu suna kallon kwaɗin Tahoua. A Zurmi kuwa, wadda ta fi kusa da gidansa nesa ba kusa ba, da wuya a sami wanda ya san sunansa. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba hanyoyin finafinai kamar yadda ta raba kuɗi da harshen boko: na Nijar suna bi ta Faris, na Arewacin Nijeriya suna zuwa ta Legas.

Daga nan tarihin ya yi sauri. Kaset ɗin bidiyo ya shigo da kallo cikin gida, musamman bayan Turmin Danya, da aka yi a Kano a 1990, ya buɗe ƙofar finafinan Hausa. An ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996. Da shari'ar Musulunci ta fara aiki a jihar ranar 27 ga Janairu 2000, a mulkin Ahmad Sani Yariman Bakura, aka rufe gidajen sinima. Kallon bai mutu ba, ya koma gidajen kallon ƙwallo da shagunan masu tura finafinai a waya, inda yaro zai sami katun na ƙasashen waje, wani har an ɗora masa muryar Hausa.

Abin da ya fi kowace doka illa shi ne rashin tsaro. Hare-haren 'yan bindiga a Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Ƙauran Namoda sun tashi garuruwa, sun mayar da fita bayan magariba kasada. A Satumba 2021 an katse layukan waya a faɗin jihar na tsawon makonni, an kuma dakatar da kasuwannin mako. Tsohuwar da ke gudun hijira a wani kango ba ta da dandalin da za ta tara jikoki, kuma tatsuniyar da aka daina faɗi na tsawon ƙuruciyar yara ɗaya tana iya tafiya ke nan.

Kayan aikin yau sun fi na Alassane sauƙi. Wayar hannu tana iya ɗaukar zane hoto bayan hoto, ƙaramar na'urar haskawa tana aiki da batirin sola, kuma akwai matasa masu hannun zane a makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda. Labaran suna nan a bakin waɗanda suka rage daga tsofaffi, kuma bangon fada bai gushe ba. Abu guda da majigi ta samu a arha a zamanin Turawa, wanda yanzu ya gagara, shi ne daren da uwa za ta bar ɗanta ya tafi fili bayan isha, ta kwanta ba tare da ta kasa kunne ga ƙarar babura ba.