Farhan Akhtar: Ɗan Gadon Da Ya Sauya Ƙarshen Labarin Mahaifinsa

Yau za mu ɗan ajiye littattafanmu mu leƙa ƙasar Indiya, domin na san da yawa daga cikinmu da kallon finafinansu muka tashi, wasu a sinimomin Plaza da Marhaba da Eldorado a Kano, wasu kuma a kaset ɗin bidiyo na haya. Sai dai abin da na lura shi ne, mun haddace sunayen jarumai tsaf, amma da wuya ka samu wanda zai faɗa maka wanda ya rubuta labarin Sholay. Mutum biyu ne, Salim Khan da Javed Akhtar, kuma ɗan Javed ɗin, wato Farhan Akhtar, shi nake son mu bi tarihinsa.

Sai an fara da gidansu kafin a gane shi. Kakansa Jan Nisar Akhtar shahararren mawaƙin Urdu ne. Mahaifinsa Javed ya shigo Bombay a 1964 ba shi da ko wurin kwana, ya sha wuya kafin ya haɗu da Salim Khan, mahaifin Salman Khan. Su biyun suka rubuta Zanjeer (1973), Deewaar da Sholay (1975) da Don (1978), finafinan da suka gina sunan Amitabh Bachchan. A zamaninsu ba a ɗauki marubuci a bakin komai ba, ko a fasta ba a sa sunansa. Da aka liƙa fastocin Zanjeer babu sunayensu, sai suka ɗauki hayar mai fenti ya bi dare yana buga sunayen a kai. Duk marubucin Hausa da ya taɓa ganin labarinsa ya zama fim ba tare da an ambace shi ba, ya san zafin da ya sa su yin haka. Mahaifiyar Farhan kuwa, Honey Irani, tun tana yarinya take fitowa a fim, daga baya ta koma rubutu, ita ce ta rubuta Lamhe (1991). Yayarsa Zoya darakta ce, Farah Khan kuma 'yar yayar mahaifiyarsa ce. Auren iyayen ya mutu yaran suna ƙanana, Javed ya auri jaruma Shabana Azmi a 1984.

An haifi Farhan ranar 9 ga Janairu, 1974. Da ganin irin wannan gida sai mutum ya ce ai hanya a share take, amma farkonsa ba abin alfahari ba ne. Karatun kwaleji bai ƙarasa ba, ya koma gida ya shafe kusan shekara biyu ba abin da yake yi sai kallon fim, har sai da mahaifiyar ta yi masa barazanar kora. Daga nan ya shiga koyon aiki, ya yi yaron mai ɗaukar hoto a Lamhe, ya yi mataimakin darakta a Himalay Putra (1997), ya kuma yi aikin tallace-tallace. A 1999 shi da abokinsa na ƙuruciya Ritesh Sidhwani suka kafa kamfanin Excel Entertainment.

Fim ɗinsu na farko shi ne Dil Chahta Hai, 2001, Farhan yana ɗan shekara 27, shi ya rubuta, shi ya ba da umarni. A nan nake so mu daɗe, domin a ganina duk sauran tarihinsa a kan wannan fim ya tsaya. Labarin abokai uku ne 'yan masu hali, Aamir Khan da Saif Ali Khan da Akshaye Khanna. Babu mugun attajiri, babu uwar da aka zalunta, babu ɗaukar fansa. Rikicin duka shi ne ɗaya daga cikinsu ya kamu da son matar da ta girme shi, bazawara mai fama da shan giya (Dimple Kapadia), abokinsa ya yi masa muguwar ba'a a kai, shi kuma ya shara masa mari, zumunci ya watse. Jaruman mahaifinsa talakawa ne masu fushi da duniya, maganarsu mai nauyi ce kamar wa'azi. Na Farhan kuwa hira suke yi irin ta samarin birni, suna katse juna, suna tsokana, kuma a wurin ɗauka aka naɗi muryoyinsu, ba a koma situdiyo an ɗora daga baya ba kamar yadda aka saba a lokacin. A shekarar da Gadar da Kabhi Khushi Kabhie Gham suka kwashe kasuwa, fim ɗinsa ya yi ciniki a manyan birane, a karkara kuwa mutane ba su ga abin da ya shafe su a ciki ba. Duk da haka ya samu lambar yabo ta ƙasa ta fim ɗin Hindi mafi kyau, kuma shekarun da suka biyo baya an yi ta kwaikwayon salonsa.

Na biyu, Lakshya (2004), mahaifinsa ne ya rubuta masa: saurayi malalaci marar alƙibla (Hrithik Roshan) da ya shiga soja ya tsinci kansa a yaƙin Kargil na 1999. Wanda ya san shekaru biyun da Farhan ya yi a kwance a gida zai gane dalilin da labarin ya ja shi. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, sai daga baya mutane suka dawo suna yabonsa.

Sai kuma kasadar da ta fi kowacce, ya ɗauko Don na mahaifinsa ya sake shi a 2006, Shah Rukh Khan a gurbin Amitabh. A na asali, ɗan ta'adda Don ya mutu, 'yan sanda suka sa wani bawan Allah mai kama da shi, Vijay, ya shiga rigarsa, a ƙarshe gaskiya ta yi halinta. Farhan ya bi labarin har kusan ƙarshe, sannan ya juya shi: ashe Don bai mutu ba, shi ya kashe Vijay ya koma yana kwaikwayon mai kwaikwayonsa, mugu ya tsira. (Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, fim ɗin ya kusa shekara ashirin.) Masoyan Amitabh da yawa ba su yafe masa ba. Ni dai ina ganin wannan juyin ne kaɗai ya halatta sake fim ɗin, domin in da ya maimaita abin da uban ya rubuta, da kwafi kawai ya yi. Ya yi Don 2 a 2011, kuma finafinai huɗun nan su ne manyan da ya ba da umarninsu a waɗannan shekaru goma.

Abin da ya janye shi daga kujerar darakta shi ne fitowa gaban kyamara. Ya fara da Rock On!! (2008), inda ya rera waƙoƙin da muryarsa mai kaushi, wadda har yau ake musu a kanta. Ya fito a fim ɗin Zoya na farko, Luck by Chance (2009), wanda shi kansa ba'a ne ga yadda 'ya'yan manya ke samun dama a masana'antar. A Zindagi Na Milegi Dobara (2011) ya rubuta maganganun, ya kuma fito a matsayin saurayin da ya je Sifaniya neman uban da ya gudu ya bar shi tun yana ciki, yana karanta baitocin da Javed ya rubuta. Ƙololuwar wasansa ita ce Bhaag Milkha Bhaag (2013), tarihin ɗan tsere Milkha Singh, wanda aka kashe iyayensa a rikicin raba Indiya da Pakistan a 1947, ya kuma zo na huɗu a tseren mita 400 a gasar Olamfik ta Rum a 1960. Farhan ya horar da jikinsa har ya koma kamar ɗan tsere na gaske, ya ci kyautar Filmfare ta gwarzon jarumi. Bayan nan abin ya yi ta hawa da sauka: Rock On 2 (2016) ya faɗi warwas, The Sky Is Pink (2019) ya samu yabo ba ciniki, sai Toofaan (2021) da 120 Bahadur (2025). A 2014 kuma hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa shi jakadanta a Kudancin Asiya saboda gangaminsa na yaƙi da cin zarafin mata.

Tun rasuwar Sushant Singh Rajput a 2020 ake zafafa muhawara a Indiya kan 'yan gado, kuma sunan gidan Akhtar ba ya fita daga ciki. Masu sukar suna da hujja, domin matashin da bai taɓa yin fim ba, ba zai kai rubutunsa hannun Aamir Khan cikin sauƙi ba in ba ɗan Javed ba ne. Amma 'ya'yan manya nawa aka buɗe wa irin wannan ƙofa suka shiga suka fito hannu rabbana? Ƙorafina a kansa daban ne. Jarumai irinsa suna da yawa a Mumbai, masu rubuta hira irin ta Dil Chahta Hai kuwa ba su da yawa, kuma an ɗauki shekaru ba a ga sabon labari daga alƙalaminsa da ya ba da umarni da kansa ba. Ƙarfinsa ya koma kan Excel, kamfanin da ya fitar da Gully Boy (2019) da shirin Mirzapur. A 2024 kuma shi da Zoya da Salman Khan suka haɗu suka shirya Angry Young Men, shirin tarihi mai kashi uku a kan iyayensu maza, Salim da Javed, waɗanda suka raba gari tun 1982.