Ciwon Barci: Daga Gadau Zuwa Ɓerayen Gilasgo

Duk wanda ke shiga kasuwar shanu ta Maigatari ranar Alhamis ya san sammore, ya kuma san Berenil, allurar da makiyaya ke yi wa dabbar da ta kwaso shi a kiwon kudu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan allura tana da hannu wajen gano yadda cutar da ke yawo a jini take kumbura ƙwaƙwalwar ɗan Adam.

Sammore da ciwon barci 'yan gida ɗaya ne, kuma ƙudan tsando ke yaɗa su. A jikin mutum cutar kan fara da zazzaɓi, ciwon kai da kaluluwa a wuya. Bayan watanni ko shekaru sai ƙwayar ta keta shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Daga nan halin mutum ya canza, ya yini yana gyangyaɗi, dare kuma ya gagare shi runtsawa. In ba a yi magani ba, yawanci sai dai gawa.

Mu a Sule Tankarkar fari ya kare mu, domin tsando sai inuwar bakin rafi. Amma kudu da mu an ji jiki. Tun shekarun 1920 Turawa ke binciken tsando a ƙasar Katagum, har suka yi tashar bincike a Gadau. A shekarun 1930 an bi ƙauyukan Arewa ana lalube wuyan jama'a, aka yi wa dubun-dubatar mutane allura. A Anchau ta ƙasar Zazzau har sabon gari aka gina, aka raɗa masa Takalafiya. A 1951 aka buɗe cibiyar binciken cutar a Kaduna, mai reshe a Vom.

Duk da haka ƙwaƙwalwa ta gagara. Maganin melarsoprol na 1949 yana isa can, amma akwai gubar asinik a cikinsa. Wasu majinyata ƙwaƙwalwarsu kan kumbura bayan allurar, kuma kusan 5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sukan rasu. Ba dama a buɗe kan mai rai a ga abin da ke faruwa.

A nan ɓera ya shigo. A ƙarshen shekarun 1970, Frank Jennings da abokan aikinsa a Jami'ar Gilasgo suka sa wa ɓeraye ƙwayar cutar, suka yi musu Berenil. Wanda aka yi wa da wuri ya warke sarai. Wanda aka bari sai bayan mako uku, jininsa ya wanke, amma daga baya cutar ta dawo. Ashe ƙwayar ta laɓe a ƙwaƙwalwa, inda allurar ba ta kai mata sosai. Daga baya aka ga cewa irin wannan rabin magani yana tunzura garkuwar jiki ta haddasa kumburi mai tsanani, kwatankwacin wanda ke kashe majinyata.

Ɓera dai ba mutum ba ne, nau'in ƙwayar da aka sa masa ma ba ya kama ɗan Adam. Amma ya zama ma'aunin gwada sabon magani. Jennings ya gwada fexinidazole a kan ɓeraye tun 1983, kuma a 2018 hukumar magunguna ta Turai ta amince da shi. Ƙwaya ce ta haɗiya, kwana 10.

Ga ƙalubale gare mu. Labarin Gadau da Takalafiya yana cikin rahotannin Turawa, amma bakin waɗanda aka tasa daga gidajensu yana wurin jikokinsu. Wanda ke kusa ya je ya tambaya ya rubuta, tun dattawan suna raye.