Yaɓe da Shirya Bango Kafin Ado a Ginin Gargajiya na Daura

Daura ɗaya ce daga cikin masarautu biyu na Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a shekarar 1987. Baƙon da ya ziyarci Fadar Sarki ko tsofaffin unguwannin garin yakan yaba zane da launin da ke jikin zauruka da soraye. Sai dai a wurin magina, ƙarkon wannan ado ya dogara ne ga yaɓen da ke ƙarƙashinsa.

Yaɓen Farko

Bayan an ɗora bango da tubali, akan bar shi ya bushe sarai. Daga nan sai a kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta yi kwanaki har ta ruɓa ta yi danƙo. Ciyawar ce ke hana yaɓe tsagewa. Magini yakan yayyafa wa bangon ruwa, sannan ya yaɓa ƙasar da hannu, ya cike ramukan da ke tsakanin tubala. Da gangan ake barin wannan yaɓe da kaushi, domin na biyu ya sami wurin kamawa.

Makuba da Laso

Makuba ita ce garkuwar bango daga ruwan sama. Ana samun ta daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, wanda ake jiƙawa a ruwa a kwaɓa ƙasa da shi. Laso kuwa ana haɗa shi da katsi, wato laka da ke taruwa a gindin rijiyar marina, wadda ake ƙonawa a daka, a gauraya da ruwan dafara da gashin dabbobi. An fi sa shi a kan rufin soro da bakin indararo, inda ruwa ya fi yin ɓarna.

Zane da Launi

Ana fitar da zane, kamar dagi, tun yaɓen ƙarshe yana da ɗanye. Sai ya bushe ake shafa farar ƙasa ko wani launi. Launin da aka shafa a kan bango mai laima ba ya daɗewa yake ɓarewa.

Jan Hankali

A yau mutane da dama kan lulluɓe bangon ƙasa da siminti da fentin mai. Siminti ba ya kama ƙasa sosai, kuma idan ya tsage, ruwa kan shige bayansa ya rasa hanyar fita, ya riƙa cin bangon a ɓoye har ya zube. Saboda haka ana shawartar masu tsofaffin gidaje da su riƙa sabunta yaɓe da rani, kafin damina ta kankama a watan Yuni, su kuma nemi maginan gargajiya da suka gaji sana'ar.