Mota Ta Ƙi Tashi: Yadda Za Ka Gane Ko Batir Ne Ko Altaneta

Cikin abubuwan da suka fi damun masu mota da direbobinmu a nan Kudu, musamman da damina, akwai ƙin tashin mota. Abin da yawancinmu ke yi shi ne a ruga a sayo sabon batir, bayan kwana uku motar ta sake yin shiru, kuɗi kuma sun riga sun tafi. Shi ya sa na tsara matakan da ake bi a gano inda ciwon yake tun kafin a sa hannu a aljihu.

Abubuwa uku ne ke aiki tare wajen tayar da mota. Batir shi ke ajiye wuta. Kik shi ke jan wutar ya juya inji. Altaneta kuma, wanda wasu ke ce wa caja, shi ke mayar wa batir wutar da ya kashe bayan inji ya tashi, bel ne kuma ke juya shi. In ɗaya ya gaza, sai laifin ya faɗa kan batir, ko da lafiyarsa lau.

Fara da kunnenka

Ka murza makulli ka saurara. In ka ji "ƙas-ƙas-ƙas" da sauri, fitilun dashbod suna dishewa, to wutar ba ta isa ba: ko batir ya yi sanyi, ko kawunansa ba su kama da kyau ba. In ka ji "ƙas" guda ɗaya mai ƙarfi, fitilu kuma na nan da haskensu, kik ne abin zargi. In shiru ne gaba ɗaya, ka duba ko kan batir ya kwance, ko babban fiyus ya ƙone. Mai otomatik ya tabbatar giya na kan P, in ta ƙi ya gwada a N. In kuwa inji na juyawa da ƙarfinsa amma bai kama ba, ka ƙyale batir, ka nemi matsalar a wajen mai, fulogi ko famfon mai.

Duba kawunan batir

Danshin Legas da Fatakwal, ga iskar teku mai gishiri, suna saurin cinye ƙarfe. Za ka ga wani farin gari ko kore ya taru a kan batir, shi ke hana wuta wucewa. Kashe mota, ka fara cire baƙar waya mai alamar (−), sannan ja mai alamar (+). Ka wanke da ruwan ɗumi da bekin soda, ka goge da burushi, ka mayar da ja tukuna sannan baƙa, ka ɗaure tam. Ka kuma bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a jikin mota, don tsatsa a wurin kan sa mota ta yi kamar batirinta ya mutu.

Awo da mita

Ina ba duk mai mota shawarar ya ajiye ƙaramar mitar awon wuta. Ana samunta a Ladipo da ke Mushin, a Gate ta Ibadan, ko a Ikoku ta Fatakwal. Ka sa ta a kan DC 20, ka auna bayan motar ta huta na wasu awoyi:

12.6: batir a cike yake.
Kusan 12.4: da sauran ƙarfi, amma yana son caji.
Kusan 12.2: rabi ya tafi.
Ƙasa da 12: ya kusa ƙarewa.

Sai wani ya murza makulli kana kallon mita. In awon ya faɗi ƙasa da 9.6 alhali batirin ya sha caji sosai, to ya gaji, lokacin canji ya yi. Da inji ya tashi, ka sake aunawa. Altaneta mai lafiya yana ba da tsakanin 13.5 da 14.7. Ka kunna fitilu da AC ka gani ko awon zai tsaya sama da 13. In ya tsaya a 12 da 'yan kai, ba ya caji, ko ka sa sabon batir zai shanye shi. In ya haura 15, caji ya yi yawa, zai dafa batirin, har ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Manyan motocin da ke kawo kaya Mile 12 galibi batir biyu ake haɗa musu su ba da 24, don haka a wajensu sai a ninka waɗannan lambobi.

Gargaɗi kan wani gwaji

Akwai masu cire kan batir inji na aiki, wai in mota ta mutu altaneta ne. Kada ka yarda a yi maka haka. Batir ne ke daidaita wutar da altaneta ke bayarwa, in aka cire shi wutar kan yi tsalle ta ƙona kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira birenbos. Gyaranta ya fi kuɗin batir nesa ba kusa ba.

In fitilar batir ta kama kana tafiya

Ma'anarta batir kaɗai ke riƙe da motar, kuma ba zai daɗe ba. Kashe AC da rediyo, ka nemi wurin tsayawa mai aminci. Kada ka hau gadar Third Mainland ko titin Legas zuwa Ibadan da dare a wannan hali. In sitiyari ya yi nauyi ko allurar zafi ta fara hawa, wataƙila bel ne ya tsinke, sai ka tsaya nan take kada inji ya ƙone. Ruwan ambaliya ma kan jiƙa bel ya riƙa sulɓewa, ko ya shiga altaneta ya lalata shi.

In batir na ƙarewa cikin dare

Batir lafiya, altaneta lafiya, amma kullum da safe sai an tura? To wani abu ne ke satar wuta: fitilar but da ba ta mutuwa, rediyon da aka haɗa ba daidai ba, ko na'urar bin sawun mota. Wannan aikin rewaya ne, zai sa mita ya riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har ɓarawon ya bayyana. Gajerun tafiye-tafiye cikin goslo da AC a kunne su ma ba sa barin batir ya cika.

Jona batir da wata mota

Ja zuwa (+) na mataccen batir, ɗaya bakin jan zuwa (+) na mai kyau. Baƙa zuwa (−) na mai kyau, ɗaya bakin a kan ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir, saboda batir na fitar da iska mai kama wuta. Ban da sigari a kusa. Wajen cirewa a fara daga ta ƙarshe. Motar otomatik kuwa ba a tura ta don ta tashi.

In har sai an saya, ka duba lambar Ah da ke jikin tsohon, kamar 62 ko 75, ka sayi daidai da ita. Ka nemi ranar da aka ƙera shi, a auna shi a gabanka, ka karɓi rasit da garanti a rubuce. Bayan an ɗora, a auna cajin altaneta kafin ka bar wurin. Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a nema.